Wanda Ya Cire wa Ƙarya Ƙugiya

Ranar walimar har kan dakalin maƙwabta aka shimfiɗa tabarmi. Gidan Modibbo Kailani da ke Tudun Wada dama ba ya rasa jama'a, balle da aka ce ɗansa Sharfaddeen ya kammala manhajar da ke karanta tsofaffin waƙoƙin gidan. Ana nuna mata shafin ajami, ta juya shi zuwa boko, ta kuma karanta da murya. Aka jona waya da lasifika don mata su jiyo daga cikin gida.

Tun farko muryar na gurɓata wasu kalmomi, amma kowa ya ɗauka bakin na'ura ne. Can aka zo kan waƙar da kakan Modibbo ya yi wa 'yarsa Rauda, mahaifiyar Modibbon, lokacin da ta fara karantar da matan aure mutane suka sa ta a baki. Babu wanda bai haddace baitin ba a gidan: abin da maƙiya ke faɗi a kan Rauda ƙarya ce. Muryar ta ɗan tsaya a tsakiya, sannan ta ƙarasa tar, yadda mai shayin bakin titi ma ya ji.

"Rauda karya ce."

Wani a can baya ya yi tari don ya danne dariya. Modibbo ya tashi ya shige gida bai ɗauki takalmansa ba. Shinkafar da aka dafa ta kwana a tukunya.

Kafin magariba unguwa ta yanke hukunci. Sumaiya ce, 'yar Malam Mubarak na Tudun Jukun, wadda ta yi aiki da Sharfaddeen ta bari bayan sun samu saɓani.

*

Nagoda ya yi karatun allo a zauren Modibbo tun yana yaro, daga baya ya yi shekaru yana kula da kwamfutocin wani banki. Da ya ajiye aiki sai mutane suka riƙa kiransa duk sa'ad da aka yi ɓarna a na'ura ba a san mai ita ba, har suna ce masa mai bin sawu. Ya tarar da Modibbo zaune kan buzu, ya rame cikin 'yan kwanaki.

"Allah ya gafarta Malam, an ce kana nemana."

"Yusha'u na so a kai ƙara wurin 'yan sanda," in ji Modibbo. Yusha'u ƙaninsa ne. "Na ce a dakata. Amma ni ma na riga na yi suɓul da baka, na ambaci sunan yarinyar a gaban mutane. Ubanta ya daina zuwa karatu. An ce masu neman aurenta sun ɗaga ranar kawo kaya. Idan ita ce, ina so in sani. Idan ba ita ba ce..." Bai ƙarasa ba, ya ja carbinsa.

*

Ofishin Sharfaddeen ɗaki ne a saman wani kemis, tebura uku da fanka mai ƙara. Shi kaɗai Nagoda ya tarar. Idanunsa sun yi ja, ya ce tun ranar bai taka masallacin unguwa ba, sai ya tafi can Kwangila inda ba a san shi sosai ba.

"Kakata ce, Malam Nagoda. A bayanta na yi wayo."

"Allah ya jiƙanta. Yi mini bayani kamar ban san komai ba."

Sharfaddeen ya ce babu mai rubuta manhaja daga farko har ƙarshe shi kaɗai. Kana ɗauko guntayen aikin da wasu suka riga suka yi, waɗanda ake kira laburare, ka haɗa da naka. Akwai fayil guda da ke gaya wa kwamfuta inda za ta ɗauko kowanne da kuma sigar da ake so. Daga nan sai ta narke su duka su zama abu ɗaya, shi ne ginin. In an gama, ba ka iya leƙawa ka ga wane ne ya kawo me.

"Laburaren da ke juya ajami zuwa boko nata ne," in ji shi. "Yana kan intanet, a ƙarƙashin sunanta. Duk lokacin da ta ga dama tana iya taɓa shi. Ta cire ƙugiyar haruffa, mu kuma muka ɗauko ba mu sani ba."

"Wa ke yin ginin?"

"Khubaib. Ba ya jin daɗi, yana gida."

Nagoda ya nemi a sa masa manhajar da aka kunna a walima cikin wayarsa. Ya buɗe ta. Muryar ta yi sallama, ta ce wannan aikin Sharfaddeen Kailani ne da Khubaib Ashraf, sannan ta nemi a nuna mata shafi. Ya saurari baitin sau ɗaya ya kashe. Ko a bakin na'ura bai ji daɗin maimaita shi ba.

*

Malam Mubarak bai so barinsa ya ga 'yar ba. Sai da Nagoda ya ce Modibbo ne da kansa ya aiko shi neman gaskiya, sannan aka shimfiɗa tabarma a soro. Sumaiya ta fito da kwamfutarta, ta zauna daga gefe, uban na tsaye a bakin ƙofa.

"Ga shi nan, kowa na iya dubawa," ta ce. "Rabon da in taɓa shi tun kafin in bar wurinsu."

Nagoda bai tsaya kan maganarta ba. Ya ɗauko laburaren daga intanet da hannunsa, ya gina shi a tasa kwamfutar, ya ba shi baitin. Ƙarya ta fito da ƙugiyarta, maƙiya ma haka. Sai ya kunna mata wata waƙar daga manhajar walima. Tana ji ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki, sai ta sunkuyar da kai.

"Wannan kuskuren nawa ne."

Uban ya yi motsi a bakin ƙofa.

"Ba yadda kake zato ba, Baba. A gwajina na farko, ina sabon hannu, na haɗe haruffa biyu na ajami na mai da su ɗaya. Na gano na gyara tuntuni. Saboda kunyar abin ne ma na rubuta gwaje-gwaje, yadda in kuskuren ya dawo ginin zai tsaya cak, ba zai ƙarasa ba. Wancan tsohon ban taɓa sa shi a intanet ba. A ma'ajiyar ofis na bar shi, da na sani na goge."

"To in gini zai tsaya, ya aka yi wannan ya ƙarasa?"

"Sai in an kashe gwajin."

"Me ya raba ki da Sharfaddeen?"

Ta murza gefen hijabinta. "In na faɗa, cewa za a yi ramuwa nake. Ka bar ni da wannan, Malam."

*

Khubaib na zaune a Hanwa, a ɗakin da yake haya. Ba shi da zazzaɓi, abin da ke damunsa ya fi zazzaɓi. Saurayi ne siriri mai gemu kaɗan, maraya da gidan Modibbo ya riƙe tun yana sakandare. Ya buɗe fayil ɗin gini ba tare da gardama ba, kamar mai jiran a zo.

Nagoda ya bi shi layi layi. Fayil ne mai tsabta. Kowane laburare an ɗaure shi da sigarsa, kuma a saman kowane layi akwai ɗan bayanin dalilin sa shi. Sai wuri ɗaya. Inda ya kamata a ga laburaren Sumaiya, an goge an nuna wa kwamfuta wani kwafi a ma'ajiyar ofis, an canja masa suna. Can ƙasa kuma an kashe gwaje-gwajen gaba ɗaya. Babu bayani ko kalma guda. Canjin ya shiga da sunan Khubaib, kwana kaɗan kafin walima.

"Ni ne," in ji Khubaib. "Kuskure na yi. Ka gaya wa Baba Modibbo."

"To. Da ka canja, ginin ya tsaya ko?"

"Ya tsaya."

"Me ya rubuto maka?"

Khubaib ya dubi fayil ɗin kamar amsar na ciki.

"Wane gwaji ne ya faɗi?"

"Na manta."

"Mutumin da ke rubuta dalili a kan kowane layi ba ya manta wannan. Kuma da kai ne, gwajin da ya dame ka kaɗai za ka kashe, ba duka ba. Wanda ya yi wannan bai san wanne ne wanne ba. Kana barin kwamfutarka a buɗe?"

"In zan sauka salla."

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Yaya Sharfaddeen, da Baba Yusha'u. Benen nasa ne." Sai ya ƙara da cewa, "Amma akwai laifina na gaske, Malam. Da safen walima na gina na miƙa, ban saurara ba. Na ga ya ƙarasa lafiya na ce shi ke nan. Da na kunna waƙa ɗaya da na ji. A gidan da aka ciyar da ni."

"Wannan naka ne, riƙe shi," in ji Nagoda. "Kada ka ƙara da na wani."

*

Duk Tudun Wada ta san Alhaji Yusha'u bai so aikin ba. Ya sha faɗa a zaure cewa ba a zuba waƙoƙin malamai cikin abin da ake shiga ban ɗaki da shi. Mai kemis kuma ya shaida wa Nagoda cewa ya ga Alhajin ya hau sama fiye da sau ɗaya, kullum in ya tabbata Sharfaddeen ba ya nan. Nagoda ya same shi a shagonsa na yadi, yana jin rediyo.

"Wato ni ake zargi yanzu."

"Tambaya ce kawai, Alhaji. Me ke kai ka sama?"

"Benena ne."

"Haka ne. Amma me ya sa sai in yaron ba ya nan?"

Alhaji Yusha'u ya kashe rediyo. Ya dubi titi, ya dubi silin, sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro waya ya ajiye kan bandir ɗin shadda.

"Maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Idona ya tafi, Nagoda. Shekara biyu ke nan ban iya karanta rubutun kakanmu. A zaure in aka miƙo mini takarda, daga ka nake yi. Na roƙi Khubaib ya sa mini abin nan a ɓoye tun watannin baya. Ni da na fi kowa zaginsa, kullum bayan asuba shi nake ji." Ya share fuska da tafin hannu. "Kuma nawa bai taɓa zagin uwata ba. Shi ya sa na ce yarinyar ce ta lalata daga baya."

"Kunna mini in ji."

Ya lalubo da yatsa ya danna. Muryar ta yi sallama, ta faɗi masu aikin, ta nemi shafi. Alhaji ya fara neman waƙar, sai Nagoda ya riƙe masa hannu.

"Rufe ka sake buɗewa."

Ya sake. Wannan aikin Sharfaddeen Kailani ne, da Khubaib Ashraf, da Sumaiya Mubarak.

Nagoda ya fita waje ya kira Sumaiya ya yi mata tambaya ɗaya: daga ina sallamar ke samo sunaye? Ta ce babu wanda ke rubuta su da hannu. Lokacin gini ne ake tattaro sunan da ke kan kowane ɓangare da aka yi a gida. Muddin laburarenta na ciki, sunanta na ciki.

*

Bayan la'asar suka haɗu a zauren Modibbo. Nagoda ya roƙi a rufe ƙofar waje. Yusha'u na dama da yayansa, Sharfaddeen da Khubaib na durƙushe a ƙasa. An aika wa Malam Mubarak, ya ce ba zai zo ba.

"Allah ya gafarta Malam, laburaren Sumaiya lafiyarsa ƙalau, na gina da hannuna na gani. Abin da ya yi magana ranar walima tsohon aikinta ne da ta yar, wani ya tono shi daga ma'ajiyar ofis ya canja masa suna ya sa a madadin na gaskiya. Ginin ya ƙi, domin gwaji ya kama kuskuren. Sai mutumin ya kashe gwajin."

"Na ce ni ne," in ji Khubaib a hankali.

"Yi shiru," in ji Modibbo.

"Na ɓata lokaci ina neman wanda ke son tozarta gidan nan," in ji Nagoda. "Ban same shi ba, domin babu shi. Wanda ya yi wannan bai san za a zagi kowa ba. Wani abu dabam yake nema."

Ya ajiye wayoyi biyu kan tabarma. Bai ce ta waye ta biyun ba, ya ce dai tsohon gini ne a cikinta. Ya kunna ta, muryar ta faɗi suna uku. Ya kunna ta walima, ta faɗi biyu.

"Duk mun tsaya kan ƙugiyar da ta ɓace a baiti. Ba mu lura tun a sallama akwai abin da ya ɓace ba. Mai son ramuwa ba za ta goge sunanta ba. Khubaib da ya so cire shi ya san hanyar da ba za ta taɓa haruffa ba. Alhaji kuwa bai san inda fayil ɗin yake ba."

Babu wanda ya dubi Sharfaddeen. Wannan ya fi masa ciwo fiye da a dube shi. Ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Baba," ya ce, sai ya tsaya. Ya sake farawa. "Ranar da ka tambaye ni wa ya koya wa na'ura ajami, na ce ni ne. Ka yi murna, ka faɗa wa baƙi, ka faɗa wa abokanka na Kano. Ita ta ji, ta yi mini magana, na ce mata son a sani ne ke damunta. Shi ya sa ta tafi. Da walima ta matso na tuna za a kunna sallamar nan a lasifika, kana zaune. Na ga tsohon kwafin na ɗauka duk ɗaya ne, na cire sunanta a kai na sa shi. Da ginin ya yi ja na zaci rigimar na'ura ce."

"Da ka ji abin da ya fito fa?" in ji Modibbo. Bai ɗaga murya ba.

"Na gane nan take."

"Ka gane, aka ambaci yarinyar, ka yi shiru."

"Ni na fara ambatarta."

"Ka kuma bar wannan ya ɗauka." Ya nuna Khubaib da haɓa.

Sharfaddeen ya sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga kan tabarma.

Modibbo ya ja carbinsa. Daga cikin gida ana jiyo ƙarar turmi. Can ya ce, "Abin da ya faru ranar walima harafi ne ya zame, uwata ba ta ragu da komai ba. Abin da muka yi bayan nan, ni da kai, shi ne babba. Yusha'u, miƙo mini sandata."

"Bari a kawo mota, Yaya."

"A ƙafa zan je."

*

Daga Tudun Wada zuwa Tudun Jukun ba nisa ba ne ga mai ƙarfi, amma tsoho ne, kuma hanyar ta bi ta gaban masu kayan miya da 'yan acaɓa da duk wanda ya ci labarin a makon nan. Mutane na gaishe shi yana amsawa, suna bin Sharfaddeen da kallo, wanda ke tafe a baya kansa a ƙasa. Nagoda ya bi su daga nesa.

Malam Mubarak ya fito ya ga malaminsa tsaye a ƙofar gidansa yana haki. Ya ruɗe, ya rasa ko durƙusawa zai yi ko tabarma zai ɗauko. Modibbo ya cire takalmi ya shiga soro, ya ƙi zama kan kujerar da aka kawo, ya zauna a ƙasa. Ya faɗi komai, bai rage wa ɗansa ba, bai rage wa kansa ba. Ya ce gobe zai je gidan masu neman auren da ƙafarsa, kuma zai maimaita maganar a masallaci bayan azahar.

Aka kira Sumaiya. Ta tsaya daga bayan labule.

"'Yata, na zalunce ki da bakina. Ki yafe mini."

"Na yafe, Baba." Sannan ta ce, "Kada a kori Khubaib. Ya san yadda zai mayar da layin, ya kunna gwajin. Aikin rabin yini ne."

"Ke fa? Za ki koma?"

"A'a, Baba. Laburaren na nan ga duk mai so, ku ma ku ci gaba da amfani da shi. Amma ba zan koma ba."

Modibbo ya gyaɗa kai. Bai roƙa wa ɗansa komai ba, ita ma ba ta ambace shi ba. Malam Mubarak ya kawo ruwa a kwanon sha, tsofaffin biyu suka shiga wata maganar a hankali, ta ciwon gwiwa da tsadar taki.

Nagoda ya yi sallama ya fito. Sharfaddeen na tsugune a bakin kwata, riƙe da takalman ubansa don kada awaki su taka. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya ce ya shigo. Ya ɗago ya dubi Nagoda kamar zai yi tambaya.

"Ka jira," in ji Nagoda. "Zai buƙaci takalmansa."